Kwabo na Sha Huɗu

Litinin, 19 ga Oktoba, 1964, bayan la'asar

Sabon kaye ne wannan, littafin rubutuna. Tsohon ya shiga murhu jiya, ni na cusa shi da hannuna, matata Rakia tana tsaye da muciya tana kallo. Aikin shekara biyu ne a ciki. Kowane kwabo sai na ɗora masa takarda na goga fensir har fuskar sarkin ta fito, gaba da baya, sannan na rubuta abin da na iya karantawa a gefe. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya zama toka.

Tunda babu shi, bari in sake ɗauko maganar daga farko kafin ta zube mini. Aikina allurar shanu ne a sarwisin dabbobi na Tawa, shi ya sa ake ce mini Likita, ko da yake duk wanda ya kawo mini ciwon kansa ya cuci kansa. Almustafa kuwa maƙeri ne, rumfarsa tana bayan kasuwar dabbobi. Makiyayan arewa suna kawo masa tarkacen tagulla, yana saye yana narkarwa. Bara waccan ya tsamo wani abu daga cikin tarkacen, faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba, kore shar, da kan mutum a jiki.

"Likita, kai da ka yi lakkwal, wanga wane na?"

Na ce Bafaranshe ne, don ban so ya ga duk da makarantar bokon da na yi ban sani ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ƙarfe ba ya yin irin wannan fata a shekara sittin.

A kabad ɗin sarwisi akwai wani littafi marar bango da wani Bature ya bari, cike da hotunan tsoffin kuɗi. Mako uku ina juya shi kafin na gamu da mutuminmu: sarkin Rum ne, Kwanstantin, wanda ya mutu fiye da shekara ɗari biyu kafin haihuwar Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Tun daga ranar muka kamu. Shi yana da hannu, ni ina da haruffa. Muka tara goma sha huɗu.

Jiya, ranar kasuwa, jandarmomi sun zo rumfa sun tafi da Almustafa. A jakarsa akwai takarda mai sunayen wurare, Takanamat, Kawo, Tiliya da sauransu, kowanne da lamba a gabansa, da zanen sojoji biyu riƙe da masu, da zanen ƙofar gari mai hasumiya. Wuraren da aka kawo masa kwabban ne, da yawan da ya samu a kowanne, da hotunan da ke bayansu. Ya roƙa a rubuta masa don ya riƙa nuna wa makiyaya irin abin da yake nema. A makonnin nan da hukuma ke farautar 'yan tawaye, ko sunan rijiya mutum ya rubuta sai an tambaye shi dalili.

Almustafa bai iya boko ba. Rubutuna ne.

Talata, 20 ga Oktoba, da hantsi

Goma sha uku suna gidansa a cikin 'yar jakar fata. Na sha huɗu yana wurina, a gwangwanin kifi, jiƙe da man gyaɗa tun farkon watan jiya. Shi ne mafi taurin kai a cikinsu. Ƙasa ta kama shi gaba da baya kamar ƙanzo a gindin tukunya, ba a ganin ko hanci.

Dokar Almustafa uku ce: ba tsami, ba toka, ba allura. Mai kawai, da ƙayar aduwa, da jira. Kowace safiya a fito da shi, a taɓa gefe da ƙaya, abin da ya saki ya saki, abin da ya ƙi a mayar da shi mai. Ya ce idan kwabo ya daɗe a ƙasa haka, hoton ya bar ƙarfen ya koma cikin koren. Na taɓa yi masa musu, na ce littafi bai faɗi haka ba. Ya ce mai littafin bai taɓa riƙe guduma ba.

Yau ɗan ɓarɓashi ya saki a gefen hagu. Babu komai a ƙarƙashi tukuna.

Za ni can inda ake tsare da shi, ba cewa na yi ba za ni ba. Amma ba a zuwa irin wurin nan hannu rabbana. Sai na karɓo goma sha ukun, in jera su kusa da takardar, kowa ya gani da idonsa.

Laraba, 21 ga Oktoba, azahar

Na bi ta bakin unguwar su Almustafa sau biyu. Akwai wani mutum zaune a gindin itacen bedi, ban san shi ba.

Juma'a, 23 ga Oktoba, bayan masallaci

Ina so in ga nawa zan iya tunawa ba tare da tsohon kayen ba.

Masu sojoji biyu da tuta a tsakani, huɗu ne, na Kwanstantin da 'ya'yansa. Duk fuskarsu ɗaya, sai ta sunan ake rabewa, sunan kuma kullum shi ne inda ya fi cinyewa. Masu ƙofar gari, biyu. Akwai uku masu soja yana sukar mahayin da dokinsa ya faɗi. Waɗannan Almustafa ba ya son su, ya ce wanda ya zana dokin bai taɓa ganin doki ya faɗi ba, ƙafar ba haka take lanƙwasa ba. Akwai mace mai fuka-fuki riƙe da zobe na ganye, ta sarki Balans, guda uku.

Sai wanda na fi so, mai dabba tana shayar da jarirai biyu. Littafi ya ce kyarkeci ce, kuma jariran su suka kafa birnin Rum. Almustafa ya rantse kura ce. Rakia da ta leƙa ta ce ko mece ce, mutanen da ke alfahari da irin wannan uwa har su buga ta a kuɗi ba mutanen da za a ba aure ba ne.

A ƙasan kowanne akwai ƙananan haruffa uku ko huɗu, su ke faɗin garin da aka buga shi. Na karanta Iskandariya a biyu, Antakiya a ɗaya. Abin da ke hana ni sukuni shi ne hanya. Daga Iskandariya zuwa Takanamat, a hannun wa? Littafin ya nuna ƙaramin kuɗi ne, na talakawa. Wa zai ɗauko irin wannan ya ratsa hamada da shi? Ko a wuyan yara aka rataya su, ko a bakin jakar raƙumi, suna canja hannu shekara dubu da ɗari shida? Ko kuwa wani tsohon soja ne ya tsinto su a Aljeriya shekara ashirin da suka wuce, ya rabar a hanya, ni kuma ina nan ina gina gari a kai? Ban sani ba, kuma ina jin daɗin rashin sanin fiye da yadda ya kamata.

Liman ya taƙaita huɗuba. Ba wanda ya tsaya gaisawa a ƙofa.

Lahadi, 25 ga Oktoba, kafin magariba

Na je. Ranar kasuwa mutane sun yi yawa a hanya, ba wanda zai lura. Lalla, matar Almustafa, tana tsakar gida tana rina fata, hannuwanta jawur. Ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa gaisuwa mai tsawo da ba ta taɓa sunansa ba. Daga ƙarshe na ce na zo karɓar jakar nan ce.

Sai ta miƙo hannunta na hagu. Munduwa sabuwa ce a wuyan hannun, ja, ko gogewa ba a gama ba.

"Ran da anka tahi da shi na ba Rissa ƙanena, yas sa su wuta. Abin da ad da hoton soja, Likita, mi zan yi da shi cikin gida? In sunka dawo bincike hwa?"

Na ce, "Duka?"

"Dut. Mu maƙera haka muka ɓoyon abu. Wa ka tambayar munduwa?"

Na buɗe baki in yi faɗa sai na tuna murhuna. Na roƙe ta ta ba ni in gani. Na juya munduwar a hannuna ina neman ko harafi ɗaya ya tsira. Rissa gwani ne, bai bar komai ba. Kwanstantin da 'ya'yansa da kurar da jariranta duk sun zama abu guda, kuma ba su da nauyin da na zata.

Da na tashi ta ce, "Sun ce takarda ta. Shi ko bai iya rubutu ba, kowa ya sani." Tana kallon fatar da ke gabanta ta faɗa. Na ce Allah ya fid da shi. Ta ce amin.

Talata, 27 ga Oktoba, la'asar

Mun yi allura a Bambeye, shanu ɗari uku da wani abu. Dodo direbanmu yana da ɗan'uwa mai kai itacen girki can inda ake tsare da su. A hanyar dawowa, ba tare da na tambaya ba, ya ce da gilashin kamyo, babbar motarmu:

"Maƙerin nan taurin kai gare shi. Kullum tambaya guda, wa ya rubuta. Shi ko ya ce a kasuwa anka ƙunsa mai taba da ita."

Na ce hanyar nan ta lalace tun damina. Dodo ya ce ƙwarai.

Yanzu sai na sha huɗu. Idan sojoji biyu ne a bayansa, ko ƙofa, shi kaɗai ya isa shaida. A cikin goma sha ukun, shida irinsu ne, saboda haka rabo ba laifi. Na fito da shi na duba da gilashin da muke duba kaska. Akwai wani tudu a tsakiya da zai iya zama kunne.

Alhamis, 29 ga Oktoba, bayan asuba

Kunne ne! Sama da shi kuma ɗigo uku a jere, irin duwatsun da ke jikin maɗaurin kan sarakunansu. Na kira Rakia ta gani, ta ce ita ƙasa take gani. Na yi awa guda a kansa har ƙayoyi biyu suka karye. Hannuna yana ta son ya danna. Almustafa kan ce idan ka ji kana so ka danna, to ka ajiye ka je ka yi alwala.

Bayan ne nake bukata, amma bayan ya fi gaban kamewa. Ban san me ya sa na ɓata awar a kan fuska ba.

Asabar, 31 ga Oktoba, azahar

Bai saki komai ba.

Lahadi, 1 ga Nuwamba, da yamma

Ban shiga kasuwa ba. An ce wani mai gyaran fitila ya zauna a rumfar Almustafa.

Ina gindin zaure da gwangwanina Rakia ta kawo fura ta ajiye, ba ta koma ba.

"Malam, in tambaye ka. In abin ga ya buɗe, anka iske kura ta, ba soja ba, ƙaƙa za ka yi?"

Na ce ba na jin kura ce, girman bai yi daidai ba.

"To in bai buɗe ba sai baɗi hwa?"

Na ce tana magana a kan abin da ba ta sani ba, kuma ta tuna muna da 'ya'ya uku da gidan da ba namu ba.

"Na tuna. Ni ka kwana da su. Amma littahin Bature yana nan cikin buhun hatsi inda ka tura shi, na gani. Hotunan dut suna ciki. Hannun da ya yi rubutun ma yana nan, ga shi riƙe da ƙaya."

Ta ɗauki ƙwaryar da ban taɓa ba ta shige. Na ji haushinta ƙwarai, har yanzu ina ji. Abin da ya fi ba ni haushi, tun ran farko na san littafin yana nan. Tsoro nake ji, shi ke nan. Na rubuta, ga shi a takarda.

Litinin, 2 ga Nuwamba, da safe

A bayan, can ƙasa, wani layi miƙaƙƙe ya fito. Mashi ne, ko sandar tuta, ko ƙafar wani abu. Mai yana aiki. Kwana goma, a ƙiyasina.

Talata, 3 ga Nuwamba, azahar

Dodo yana wanke kamyo ya ce jibi Alhamis za a kwashe na can duka a yi yamma da su. Ya ce waɗanda aka kwashe a watan jiya ba wanda ya ji labarinsu. Ya ce maƙerin ya daina cin abinci da hannun dama. Ban tambayi dalili ba.

Talata, bayan la'asar

Na dawo gida na jiƙa tsamiya mai kauri, irin wadda Rakia ke wanke tasoshi da ita. Na san doka. Na ce wa kaina ɗan lokaci kaɗan ne, in tsoma in cire. Na tsoma, ruwan ya fara yin kore, ƙasar ta saki gaba ɗaya kamar ba ita ce ta yi wata biyu tana gardama ba. Na ɗauraye. Na rantse na ga wani abu a bayan, mutum ne a tsaye ko mutum biyu, amma da laka-laka a kai. Sai na ɗebo toka na murza da babban yatsa, sau uku kawai.

Ya fito jawur yana ƙyalli, duk ramuka ƙanana. Babu kunne, babu ɗigo, babu mashi. Hoton yana cikin koren, koren kuma yana cikin ƙwaryar tsamiya. Maƙerin ya fi littafi gaskiya.

Na daɗe zaune. Abin mamaki, ba baƙin ciki na fara ji ba. Sai na ji kamar an sauke mini kaya, don babu sauran abin jira.

Laraba, 4 ga Nuwamba, bayan asuba

Na ciro littafin daga hatsi na kaɗe shi. Na sa farar rigar aiki, na ɗauki fensir biyu. Rakia ta cusa mini dabino a aljihu, ta gyara mini wuyan riga da bai karkace ba. Kayen nan zai zauna a wurinta.

Alhamis, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Na dawo shekaranjiya. Kwana shida. Ba zan rubuta su ba.

Abin da zan rubuta shi ne ranar farko. A wurin da ake tsare da su, jami'in da ke tebur ya ba ni farar takarda ya ce in sake rubutawa da ka. Na rubuta Takanamat huɗu, Kawo biyu, har ƙarshe, na zana sojojin da ƙofar. Ya jera ta da waccan ya daɗe yana dubawa. Na buɗe masa littafin a shafin sojojin. Ya tambayi ina kwabban, na ce goma sha uku suna hannun wata mace, ɗaya kuma ga shi. Ya juya jan ƙarfen ya jefo mini abina. Sannan ya ci gaba da buɗe shafuka shi kaɗai, har ya tsaya a kan dabbar nan mai jarirai.

"Wagga mi ta?"

Na ce kyarkeci ce. Ya ce shi kura yake gani. Ko a wurin nan sai da na ji bakina yana son yin musu.

Ya riƙe littafin. Kamyon Alhamis ya tashi, na ji tashinsa ta bango, ba a kira sunan Almustafa ba. An sake shi kwana biyu kafin ni.

A sarwisi na tarar da takarda: an mayar da ni wani wurin allura can arewa, bayan Tiliya, daga farkon wata. Dodo ya ce ko itacen inuwa babu. Rakia ta fara ɗaure tukwane. Makiyayan da suka kawo mana uku daga cikin kwabban ta can suke saukowa, na lura da wannan tun kafin in gama karanta takardar, kuma na ji kunyar lurar.

Lahadi, 15 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na je gidan Almustafa. Yana zaune a tabarma ya jingina da bango, ya rame, hannun dama a naɗe da tsumma. Rissa ne ke masa zuga. Lalla ta kawo shayi, munduwar tana hannunta.

Na shirya magana tun daga gida, mai tsawo, da neman gafara a ciki. Na fara da cewa kwana goma sha bakwai na yi ina sane. Ya ɗaga hannun hagu.

"Likita, ina na sha huɗu?"

Na ciro na ba shi. Ya kai shi haske, ya shafa da yatsa, ya shinshina.

"Tsamiya."

"Tsamiya," na ce.

"Har da toka."

Na gyaɗa kai.

"Kai dai ba ka jin magana. Mi ka gani kahin ka kashe shi?"

Na faɗa masa kunnen, da ɗigo uku, da layin nan miƙaƙƙe. Ya yi ta tambaya, layin ya karkata ko a tsaye yake, ta wane gefe, akwai wani kusa da shi? Muka yi gardama a kai kamar da, shi yana cewa tuta ce, ni ina cewa mashi. Har Lalla ta ce shayi ya huce.

Na ce, "Da na ba shi kwana goma, da ya buɗe."

Ya ce, "Da ya buɗe." Ya sa mini kwabon a tafin hannu ya naɗe yatsuna a kai da hannunsa mai lafiya. "Amma ni ban da kwana goma."

Na dawo gida na ɗora masa takarda na goga fensir, kamar yadda na yi wa sauran. Da'ira ce baƙa kawai ta fito. A gefe na rubuta: na sha huɗu, daga Takanamat, ba a san sarkin ba.